Baffa, Ɗalibin 'Yar Farinsa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za a tattara mu. Baffa ya rasu ranar wata Alhamis da hantsi, a tsakiyar damina, aka kai shi makwancinsa bayan azahar ana yayyafi. Ni ce babbar 'yarsa. Ban yi niyyar rubuta komai ba, don ni ba marubuciya ba ce, aikina koyar da kwamfuta. Abin da na gani a zaman makoki ne ya hana ni yin shiru.

Muna zaune a ɗakin Inna, mata cike har bakin ƙofa, sai baƙi su yi ta shigowa, mutanen da ban taɓa ganin sun taka gidanmu ba. Su durƙusa su yi wa Inna gaisuwa, su ce ya haƙuri, sannan su waiga su ce, "Ina Malama?" Wannan ta tambaya, waccan ta tambaya. Goggo, yayar Baffa da aka ɗauko daga Dutsi, kunnenta ya yi nauyi, amma wannan kalmar ta samu ta shige. Ta ajiye carbinta.

"Wai wace ce Malamar nan da kowa ke cigiya? Ko wani auren ya yi bai faɗa mamu ba?"

Dariya ta ƙwace wa mata a gidan mutuwa, kowa ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Sai Inna ta nuna ni da leɓe, don ita ma ba ta kiran sunana. Goggo ta dube ni sama da ƙasa.

"Wannan? Ta Dutsi? Wa ya laƙaba mata?"

"Shi," in ji Inna.

"Shi da bakinshi?"

Inna ta gyaɗa kai. Goggo ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki carbinta ta ce, "Ikon Allah. Ashe ƙanena ya yi abin da ubanmu bai yi ba."

Wata mata ta zo tun daga garin Babban Mutum, shugabar makarantar firamare ce yanzu, ta riƙe ni tana kuka har sai da na koma ni ce mai ba ta haƙuri. Da la'asar kuma aka aiko daga waje cewa Baban Kusugu yana son ganina a zaure. Aminin Baffa ne tun suna samari, malamin tarihi, gidansa yana unguwar Kusugu shi ya sa muke kiransa haka. Na same shi zaune kusa da buzun Baffa, bai hau ba, yana kallon wani allo da ke rataye a bango. Allon an zana masa gidaje-gidaje da tawada, kowane gida da harafinsa. Tun ɗazu wasu baƙi suka ɗauka hatimi ne, har wani ya roƙi a ba shi ya kwafa don neman albarka.

"Malama," in ji Baban Kusugu, "yau ɗan ajinmu ya tafi. Shi ya fi mu daƙiƙanci, shi kuma ya fi mu zuwa."

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta koma kuka, ya ja hannun riga ya rufe fuska.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba ba zai gane abin da ya ba Goggo mamaki ba. A danginmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da zamansa a gaban mutane. Kunya ce, gadonta muka yi, kuma a wajen su Baffa da suka fito gidan malamai masu jinin Fulani ta fi ko'ina kauri. Ana yaye ni aka kai ni Dutsi wajen Kaka. A can na tashi cikin 'ya'yan 'yan'uwansa, su suna ce masa Baffa, bakina ya bi nasu, har ya bar duniya ban taɓa ce masa Baba ba. In ya zo duba gonarsa a kan babur, kowane yaro sai ya shafa kansa ya tambaye shi inda karatunsa ya tsaya. Ni kuwa sai ya wuce ni kamar an ajiye turmi. Alawata ma a hannun Kaka yake barinta.

Da na dawo Daura don shiga sakandare, sai Inna ta zama 'yar aiken da ke tsakaninmu. Ina durƙushe a gabansa zai dubi Inna ya ce, "A faɗa ma mutanen Dutsi su rage yawon rana." Ranar da na sami gurbin shiga jami'a cewa ya yi, "An ce an ci. To, madalla," yana kallon bango. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Ina ganin ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni ko hannunsa ban taɓa taɓawa ba. Kowa ya gaya mini ba ƙi ba ne, ni ma na sani, amma sanin bai taɓa hana ni jin zafin ba. Ga shi ba a halicce ni da haƙuri ba. Kaka ta sha faɗa cewa bakina ya riga ƙafata tashi.

Amma ku zo ku ga mutumin nan a zaure. Bayan asuba da bayan la'asar yana karantar da littattafan fiƙihu, ɗalibansa kuwa ba yara ba ne, limamai ne da 'yan kasuwa da dattawa masu furfura. Kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya. Mutum zai matso ya karanta nasa, a fassara masa, ya ja baya, wani ya matso. In mai karatu ya yi tuntuɓe, Baffa ba ya cewa ka yi kuskure. Sai ya kama kunnensa ya ce, "A sake, kunnena ne bai ji ba." Mutum ya sake, ya gyara da kansa, ya tashi da girmansa. Daga cikin gida muna jin kalmar nan kullum, har ƙannena suka mai da ita abin shaƙiyanci, in Inna ta aike su sai su ce a sake, kunnena ne.

Bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, neman takardar shaida ya tashi. Alƙalai da magatakardan kotu da malaman Islamiyya da na firamare duk suna son ƙarin karatu, sai wata jami'a ta buɗe reshe a Daura. Aka roƙi Baffa, wanda ya riga ya yi ritaya daga koyarwa, ya riƙe sashen shari'a. Shi ne mafi tsufa a malaman reshen, in ana taro sai ya zauna kowa ke zama. Ni kuma na karanci kwamfuta, na yi aure a cikin gari, ina zaune ba aiki. Ana nan sai uwar jami'a ta aiko da kwamfutoci, tare da umarnin cewa daga yanzu rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa duk ta cikinsu za su bi, don haka a koya wa malamai da ɗalibai. Aka gyara ɗaki guda, aka shimfiɗa kafet, aka sa iyakwandishan, aka manna takarda a ƙofa cewa a cire takalmi. Aka ɗauke ni in koyar. Murnar da na yi ba ta faɗuwa.

Daraktan reshen mutum ne mai gaggawa, ba ya son ya ji an ce sai gobe. Ya ce a haɗa malamai da ɗalibai a aji ɗaya, maza a gaba, mata a baya, don a rage wa janareta shan mai. Ni ma a jami'ar da na yi haka na ga ana yi. Ranar farko ɗaki ya cika. Baffa bai zo ba, kuma ba wanda ya tambayi dalili, don kowa ya san 'yar farinsa ce mai koyarwar.

Baban Kusugu, da yake shi ma malami ne a reshen, ya zo cikin babbar riga mai aiki, ya zauna a sahun gaba. Na ce kowa ya rubuta sunansa. Shi da ya saba da tafireta sai ya danna harafi da ƙarfi, bai ɗaga yatsa ba. Harafin ya yi ta gudu, layi na bin layi, har ya cika gilashin, injin ya kama ƙara. Ya zabura ya ja baya yana a'uziyya, hannun rigarsa ya kwashi maus, ɗan abin nan mai waya da ake ja a kan tebur, ya yar da shi ƙasa. Wani ɗalibi ya tuntsire da dariya, sauran suka kama. Ɗalibansa ne fa, waɗanda ba sa iya haɗa ido da shi a aji. Ya miƙe ya saɓa riga ya nufi ƙofa. Abin da ya fi muni shi ne takalma, an tara su tsibi guda, sai da dattijon nan ya sunkuya yana tonon nasa, dariya na bin bayansa.

Washegari ko malami ɗaya ban gani ba. Da manya suka janye, sai ɗalibai ma suka fara zamewa, mata ne kuma suka fara ɗauke ƙafa. A lokacin ana ta wa'azi a kan abin da samari ke kallo a shagunan intanet, magidanta suka ce wane irin ɗaki ne wannan, ƙofa a rufe, labule a sake, ba dattijo ko ɗaya a ciki. Ban ga laifinsu sosai ba, amma na ji haushi.

Ana haka wani jami'i ya zo daga uwar jami'a, ya tarar da kwamfutoci lulluɓe da ƙyalle, ni kaɗai ina gadinsu. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in zangon karatu ya ƙare ba a ga malamai suna koyo ba, za a kwashe kayan a kai wani reshen da ke roƙo. Ke nan aikina ya tafi. Ɗalibanmu na ƙauye kuma, waɗanda ba su da inda za su taɓa kwamfuta in ba nan ba, za su gama digiri suna bin shaguna ana cika musu takardu.

Daga ofis ban wuce gidan mijina ba, gidanmu na nufa. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, takalman Baffa suna ƙofar turakarsa, na san yana ciki. Na ɗaga murya yadda zai ji.

"Inna, a faɗa ma malaman jami'a za a kwashe injinan. Girman kansu ya ja ma 'yan ƙauye."

"Ke, rage murya," in ji Inna.

Sai muka ji gyaran murya daga ciki. "A tambayi mutanen Dutsi, sun taɓa ganin na haɗa liman da masu binshi salla a darasi guda? Ba girman kai ba ne. Ba mai son ya faɗi a gaban wanda gobe zai tsaya yana koya mashi."

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Amma bakina bai tsaya ba.

"Inna, a faɗa ma masu zaure, ko an raba ajin ba mai dawowa. Jira suke su ga babbansu ya shiga. Babban nasu ko an san abin da ya hana shi."

Inna ta saki rariya ta riƙe haɓa. "Yau na ga yarinyar da ba ta da ta ido." Na tafi gida ina ganin na ɓata ɗan abin da ya rage.

Daga baya matar Baban Kusugu ta ba ni labarin abin da ya biyo. Baffa ya je gidansu ya gaya wa amininsa shi zai shiga ajin. Baban Kusugu ya tashi zaune ya ce, "Ni dariya aka yi mani, ban mutu ba. Kai abin da za ka yi ya fi dariya. 'Yar farinka fa? Ka zauna gabanta tana ce maka yi kaza, bar kaza? Me za a ce a Dutsi?" Baffa ya ce surutun Dutsi na ɗan lokaci ne, injinan kuwa in suka tafi sun tafi. Magana ta yi zafi har Baban Kusugu ya ce tsufa ne ya fara taɓa masa kai. Mutanen da suka yi shekara da shekaru kafaɗa da kafaɗa a sahun masallaci, sai ga shi ɗaya yana dama, ɗaya yana hagu.

Ni duk ban san da wannan ba. Wata safiya ina zaune ni kaɗai a ɗakin kwamfuta, sai na ji ƙarar babur ɗin da na sani tun ina Dutsi. Ya tsaya daidai ƙofar ɗakina, ba a ƙarƙashin darbejiyar da malamai ke ajiye nasu ba. Na leƙa, sai ga Baffa ya sunkuya yana cire takalmi. Sau-ciki ne jajaye irin ɗinkin da, duk reshen ba mai irinsu. Bai tura su gefe ba, ya jera su a tsakiyar dakali, inda duk mai wucewa ofishin malamai sai ya gan su.

Ya yi sallama, na zube ƙasa na gaishe shi. Ya dubi silin, ya dubi iyakwandishan, ya dubi labule, ko'ina ban da inda nake.

"An ce nan ake karatu."

"Nan ne, Baffa."

"To, a sauko mani da guda ƙasa. A bar ƙofar a buɗe."

"Sanyin zai fita."

"Ya fita."

Sai daga baya na gane tun daga gida ya yi wa abin tunani. In ya hau kujera dole in tsaya a kansa, abin da ba zan iya ba, shi ma ba zai jure ba. Na jawo ɗan benci na ɗora kwamfuta, ya naɗe ƙafa a kan kafet yadda ɗalibansa ke yi a zaure, ni kuma na durƙusa a gefensa. Tun da nake ban taɓa zama kusa da shi haka ba, har ina jin ƙamshin turaren rigarsa.

Na nuna masa maus, na nuna masa 'yar kibiyar da ke yawo a gilashi, na ce a kai ta kan wancan hoton. "A ja" da "a danna" nake ta faɗa, don bakina ya kasa ce masa "ka". Ya fito da hannu daga cikin riga ya ɗora. Nan na ga abin da ban sani ba, hannun Baffa karkarwa yake yi. Ashe ya daɗe da ita yana ɓoyewa cikin hannun riga, kowa a gida ya sani ban da ni, don ni ba na zama inda zan gani. Kibiyar ta yi gabas, ta yi yamma, ta ɓace. Ya gwada, ya sake gwadawa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. A bakin taga kuwa ina ganin inuwar mutane, an fara taruwa.

Ya tsaya. Idonsa yana kan gilashin ya ce, "Malama, riƙe mani hannun nan, yana rawa."

Wallahi sai da na waiga in ga wace Malama ce ta shigo. Ba kowa sai ni. Na ɗora hannuna a kan nasa. Hannu ne busasshe, mara nauyi, da zoben azurfa mai sanyi. Muka ja tare, kibiya ta miƙe ɗoɗar ta hau inda ake so, muka danna, abin ya buɗe. Hawaye suka zubo mini har suka ɗiga a kan rigarsa. Na san ya gani. Sai ya kama kunnensa da ɗaya hannun ya ce, "A sake, Malama. Wannan karon kaina ne bai ɗauka ba."

Takalman nan su suka yi mana shela. Kafin azahar labari ya gama reshen, kafin magariba ya gama gari. Inna ba ta ji daɗi ba, ƙanwata ta ce ranar tare shi ta yi a tsakar gida. "Malam, yanzu kunyar da muka riƙe shekara da shekaru ita ka kai titi ka zubar?" Ya ce, "Tana nan, ba ta zube ba. A ƙofa nake aje ta tare da takalmi, in na fito in ɗauki abata." A Dutsi ma an yi surutun da aka ce za a yi, wasu suka ce boko ya cinye shi. Goggo kaɗai aka ɓoye wa, don ba mai son ya zama shi ne ya gaya mata.

Baffa ya je wajen Darakta ya ce a mai da karatun irin na zaure. Malamai su zo da safe, ɗaya bayan ɗaya, ko tsara da tsara. Ɗalibai su zo da yamma, mata kuma a ware musu ranarsu. Aka sauke wasu kwamfutocin ƙasa don dattawa. Shi kuma kullum sai ya zo, daga nan ya wuce ofishin malamai yana tallan kurakuransa. "Jiya da yatsa guda na shafe aikina kakaf, Malama ta dawo mani da shi." Sai kuskure ya zama abin hira. Malamai suka fara zuwa da sanɗa, kowa ya ce wucewa yake yi ya ga ƙofa a buɗe. Ni ma na ari dabararsa, in babba ya ɓata sai in ce, "A sake, injin ne yake da nauyi yau." Sun san ba injin ba ne, sun kuma ji daɗin a ce shi ne.

Allon nan na zaure a lokacin ya samo asali. Wuta ba ta zama, man janareta ba kullum ba, Baffa kuma ya ce karatun da ba a bita a gida ba ya zama a kai. Sai ya ɗauki allo da tawada ya zana kibod, kowane harafi a gidansa yadda yake a jikin injin, in ya sallami masu fiƙihu ya ɗora shi a cinya yana dannawa. Da farko dariya abin ya ba ni. Da na ga ɗalibanmu na ƙauye, waɗanda garuruwansu ko turken wuta babu, sun kwaikwaya suna dawowa yatsunsu sun san hanya, sai na mai da shi darasin farko ga duk sabon shiga.

Ranar mata kuwa sai ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa yana duba littafi har a tashi, don magidanta su ji akwai dattijo a wajen. Yawanci suka dawo, ban da matar nan ta Babban Mutum, wadda mijinta ya kafe ba za ta shiga ɗakin ba. Baffa bai yi aike ba, ya hau motar kasuwa da kansa, ya je ya sami uban mijin a gona. Ita ta ba ni labarin a zaman makoki. Ce wa tsohon ya yi, "Ni ma can nake karatu, 'yata ce ke koya mani. In wajen banza ne, ka ga ni na fara lalacewa." Tsohon ya yi dariya har ya saki fartanya, ya aika a kira ɗansa. Sai a ranar makokin na ji cewa Baffa ya taɓa furta "'yata" da bakinsa. Na sa ta maimaita mini.

Saura Baban Kusugu, shi da dabara aka kama shi. An jona mana intanet a lokacin, Baffa ya sa na nemo masa abin da aka rubuta a kan rijiyar Kusugu. Ya sa tabarau ya karanta, ya yi murmushi. Ranar Juma'a bayan an sallame, ya tsaya kusa da amininsa ya yi kamar da wani yake magana. Ya ce ya ga tarihin rijiyar a cikin injin, wani wanda ko ruwanta bai taɓa sha ba ya rubuta, duk duniya kuma shi take karantawa. Mako na kamawa sai ga Baban Kusugu a ƙofata, cikin 'yar shara wannan karon, ba babbar riga ba.

"Ba karatu na zo ba," in ji shi. "Ƙarya na zo gani."

Ya gani, ya yi ta tsaki, ya tambayi yadda ake mai da martani. Na ce sai an iya rubutu da kibod. Ya harari Baffa da ke zaune a kan kafet kamar bai san abin da ake ciki ba, ya ce, "Matsa mani, tsohon banza."

Da jami'in nan ya dawo a ƙarshen zango, sai da ya tsallake takalma kafin ya sami ƙofa. Ya tarar da dattawa a ƙasa suna gardamar wanda ya riga wani zuwa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya cire nasa takalmin ya shigo. Ba a kwashe komai ba. Ɗakin yana nan har yau, injinan sun canja, an ƙara mana wani ɗakin, yaran yanzu ma da wayoyinsu suke zuwa sun fi ni sauri. Ɗan bencin nan ne kawai ban yarda an fitar ba.

Kada in yi masa ƙarya don ba ya nan. Baffa bai taɓa ƙwarewa ba. Da yatsa ɗaya yake rubutu, bai taɓa yarda injin yana ajiye abu ba, komai ya rubuta sai an buga masa a takarda ya kai gida ya cusa ƙarƙashin buzu. In aka dawo hutu sai ya ce duk ya mance, a koma farko. Na sha zargin wata mantuwar da gangan yake yi, don ya sami dalilin ci gaba da zuwa, amma ban taɓa tambaya ba. Kunyar ma, yadda ya gaya wa Inna, a ƙofa yake ɗaukar abarsa. A gida bai taɓa cin abinci a gabana ba, saƙo kuma ta hannun Inna yake bi, sai dai "mutanen Dutsi" sun koma "a faɗa ma Malama". Na yi ta jira ko wata rana zai kira sunan da ya raɗa mini. Bai kira ba, ni kuma na daina jira, don wanda ya ba ni ya ishe ni.

Na gode wa Allah da ya sa wannan mutumin ne ubana. Abincin da nake ci, da malaman da yau ke shigar da sakamakon ɗalibansu da hannunsu, da matan da suka fita daga ɗakin nan suka riƙe makarantu, duk daga takalman da ya jera a kan dakali suka fito. Ina roƙon duk wanda ya taɓa zama a kan kafet ɗin nan ya sa shi a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya sauƙaƙa masa tambaya yadda ya sauƙaƙa wa duk wanda ya zauna a gabansa. Allah ya ba Inna da Goggo da amininsa haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da imani.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. A safiyar Alhamis ɗin duk muna gidan, ƙannena maza suna ɗaki tare da shi, ni ina tsakar gida wajen Inna, don ko a ciwo ban saba shiga turakarsa ba. Sai ƙanena ya leƙo ya ce Baffa ya buɗe ido, ya ce a kira masa Malama. Na shiga na durƙusa daga can ƙafar gado. Bai dube ni ba, silin yake kallo, leɓensa na motsi da kalmar shahada. Hannunsa na dama yana kan bargo yana karkarwa. Ya ɗan turo shi wajena.

"Malama, riƙe mani hannun nan, yana rawa."

Na matso na riƙe. Ban saki ba har ya daina.